Yashin Tarbar Baƙi

Matankaɗiya, wata katuwar na'ura, ta zura dogon hannunta cikin ruwa, ta kwaso laka, ta shiga tacewa tana gurnani. Aikinta ke nan a Sabuwar Gaɓa, birnin da 'yan kasuwar Arewa suka gina inda kogi ya haɗu da teku. 'Yan kwanso take nema, wasu halittu da ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda masana ke kira foraminifera. Inda ruwa ya gurɓace, iri ɗaya tak ke jurewa, shi ma kwansonsa a karkace. Inda yake da tsabta kuwa, sai a same su iri-iri. In na'urar ta ga alamar tsabta, sai ta buɗe ƙofar da ke kai ruwa matatar birni, don injinan matatar gishiri kawai suke cirewa, ba sa iya cire dafin da jiragen ruwa ke zubarwa.

Dakta Tasalla, mai kula da na'urar, ta dubi allon kwamfutarta. Wurin da jiya babu komai sai karkatattu, yau ya cika da lafiyayyun kwanso kala-kala. Da ta leƙa taga, sai ga jiragen dako a jere suna juye farin yashi a bakin kogi. Ko gyale ba ta gyara ba, ta nufi ofishin Alhaji Sallau, shugaban tashar jiragen.

"Ranka ya daɗe, wa ya ba da izinin zuba yashin nan?"

"Ni ne. Baƙi za mu yi daga ƙasashen waje, Dakta. Ko a gidanku, in za a yi baƙi ai sai an share tsakar gida an zuba sabon yashi. So kike su leƙa su ga baƙar laka?"

"Daga tsakiyar teku aka kwaso shi, Alhaji, cike yake da kwanson matattu! Na'ura ba ta bambanta rayayye da matacce. Dafin yana nan a ƙasa, lulluɓe shi kawai kuka yi. Yanzu za ta buɗe ƙofa."

"To ki hana ta mana."

Babu ta yadda za ta hana ta. Tun farko shi da bakinsa ya sa aka cire makunnin tsayar da na'urar, ya tsaya gaban 'yan jarida yana bugun ƙirji cewa ruwan birninsu ya fi ƙarfin kuskuren ɗan Adam. Ta roƙa a bar makunnin a lokacin, aka ce ta faye tsoro.

Ƙasa ta ɗan girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ƙofar ta buɗe ke nan.

Alhaji Sallau ya gyara hula, ya ce, "Kwantar da hankalinki. Baƙin nan ruwan gora za su sha, an riga an tanada."

Tasalla ta yi masa kallo ɗaya ta fice. Ta bi ofis-ofis tana neman mai ikon sanar da jama'a, kowa na cewa a bari a sallami baƙi tukuna. Sai da rana ta take sannan ta tuna da nata gidan. Nan take ta kira mahaifiyarta a waya.

"Inna, don Allah kada kowa ya taɓa ruwan famfo!"

"Af, me ya faru, 'yar nan? Ai yau ruwan ya zo da ƙarfi, na cika randuna duka. Yaranki ma yanzu suka sha suka tafi islamiyya."