Ƙafar Barden Vilarelho

Tun ranar da limamin cocinmu Fada Custódio ya ce ma'aikatan kayan tarihi za su zo ƙauyenmu Vilarelho ranar Juma'a, na gaya wa matata wani abu zai lalace. Auren 'yarmu ranar Asabar ne, kuma sun riga sun yi gargaɗi cewa in aka ƙara taɓa komai a cocin, kwaɗo za su sa masa.

Shekarar cocin ɗari takwas. Kaurin bangonsa ya kai kamu uku, tagoginsa ko kai ba ya shiga. A ciki akwai kabarin barden da ya gina shi, da siffarsa ta dutse kwance a sama. Yaron da ya yi jinkirin tafiya, uwarsa takan kankaro garin yatsan ƙafar barden ta zuba masa a miya.

Ranar Talata aka tarar ƙafar barden ta dama babu ita.

Sufeto Abílio Sarmento ya iso da hantsi. Ya tsuguna ya shafa wurin.

"Zarto ne, Fada, ba guduma ba. Mai wannan aikin lallaɓa dutsen ya yi. Ƙofa ma ba a fasa ba. Wa ke riƙe makulli?"

Aka kira Inna Ermelinda mai sharar coci.

"Shekara talatin ban ba kowa shi ba, Yallaɓai."

"To wa ya gyara yoyon rufin can? Farar ƙasar ko bushewa ba ta yi ba."

Ta gyara ɗankwali. "Au, Belmiro? Ai wannan ba kowa ba ne, mijin ƙanwata ne."

Sufeto ya tarar da Baba Belmiro mai sassaƙar dutse yana bakin rumfarsa yana cin burodi da zaitun.

"Rabona da cikin coci tun bikin Ista, ɗana. Tambayi Fada, kullum sai ya yi mini gori."

Sufeto ya shaƙi iska. "Kana da shanu ne, Baba?"

"Ko akuya."

"To me nono mai tsami da kashin shanu ke yi a bokitin can? Kakana magini ne. Da su ake shafe sabon dutse ya koma kamar tsoho."

Tsohon ya ajiye burodin. Ya shiga ciki ya yaye wani buhu. Ƙafafu biyu ne a ƙasa, iri ɗaya sak.

"Ina yaro yatsunsa biyar," in ji shi. "Yanzu saura biyu da rabi. Matan garin nan cinye shi za su yi! Na ce bari in manna musu ta jabu su yi ta kankara, in ɓoye ta gaskiyar. Ban gama ba wannan uwar surutun Ermelinda ta tara mini jama'a."

"Wacce ce ta ainihin?"

"Ka ce kakanka magini ne. Zaɓa."

Sufeto ya yi dariya, amma bai fasa buɗe masa ƙofar mota ba. Sai da suka biya coci Belmiro ya manna ɗaya da hannunsa, sannan aka wuce da shi ofis, ɗayar tana kan cinyarsa.

Ranar Juma'a ma'aikata suka duba, suka yi wa Fada faɗa sosai, suka bar ƙofa a buɗe. Asabar aka ɗaura aure, na samu na yi barci.

Har yau dai babu wanda ya san wace ƙafa ce a jikin barden, wacce kuma ke kwance a ɗakin ajiyar 'yan sanda.