Ɓarawon da Ya Buɗe Tagogi

Da hantsin wata Alhamis a bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya addabi ƙasar Kano, wani matashi mai suna Ɗanmaliki ya faɗo caji ofis na Ƙaraye, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Yallaɓai, an sace mana tebur!"

Sufeto Gwadabe ya ajiye maficinsa. Mutumin da ya tsufa a bin sawun ɓarayin shanu, yau ga shi an kawo masa ƙarar tebur.

"Na cin abinci?"

"Na ƙwallon tebur, na kulob ɗin matasan Unguwar Hajji. Ni ne shugaba. Jibi za mu kara da 'yan Rogo. Wallahi su ne! Tsoron Sulle suke ji."

"Wane ne kuma Sulle?"

"Gwaninmu, ɗan Malam Hammawa kafinta. In ya buga, ba a mayar masa."

Suka tafi tare. Ɗakin kulob ɗin na rufin kwano ne, ba silin, zafi kamar murhu. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau. Sukurorin mariƙinsa aka kwance, aka shiga, aka mayar da su tsaf. Ga rediyo mai kaset a lungu, ba a taɓa ba. Tagogi uku kuwa duk a wangale suke.

"Kullum haka tagogin nan suke?" in ji Sufeto.

"Kullum, yallaɓai. Tun da duba-gari ya ce a bar iska ta riƙa shiga."

Gwadabe ya shafa katakon taga, ya ji ramukan ƙusa sababbi. A kan dakalin tagar ga ƙusoshin nan, an zare su, an miƙe su ɗaya bayan ɗaya, an jera kamar ashana a kwali. Ya kwashe ya zuba a aljihu.

"Ɗanmaliki, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wa ya kafe tagogin nan?"

Shugaba ya sosa ƙeya. "Ni ne, yallaɓai. Ƙwallon ba ta da nauyi, iska kaɗan sai ta kwashe ta. Na ce bayan wasan Rogo za mu buɗe."

"Yara nawa ke shiga?"

"Ɗakin kan cika maƙil."

Ran Gwadabe ya ɓaci matuƙa. A makon jiya shi da kansa ya ɗauki ɗan maƙwabcinsa zuwa asibiti, wuyan yaron ya sandare kamar taɓarya. Amma dai ba wannan ƙarar aka kawo masa ba, sai ya haɗiye, ya fita.

Daura da ɗakin, Gwaggo Tasalla ke suyar ƙosai tun asuba. Ko kaza ba ta gilmawa a layin nan ba ta gani ba.

"Gwaggo, ina kwana? Yaya kasuwa?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kasuwa da godiya."

"Wa kika ga ya fita da tebur?"

"Ni? Idona ya mutu, hayaƙi ya gama da shi. Ban ga kowa ba." Ta juya ƙosai, ta kuma tsamo wani ɗan tsinke da ya faɗa cikin mai, wanda shi Sufeto mai ido bai ma lura da shi ba. "Amma ko wane ne, Allah ya yi masa albarka. Yara a cushe, ana tari ana gumi! Ai ko don Lami an ji tsoron Allah."

"Wace Lami?"

"Ƙanwar Sulle. Ciwon nan ne ya ɗauke ta, ba a ma yi arba'in ba. Su biyu kaɗai Hammawa ya haifa."

Gwadabe ya sayi ƙosai, ya yi godiya. A hanya ya tsinci wata ƙusa mai tsatsa a lanƙwashe, ya riƙe a hannu.

Ya tarar da Malam Hammawa a rumfarsa yana goge katako. Suka gaisa, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya zauna a bakin bencin aiki.

"Yaushe rabonka da ɗakin kulob?"

"Tun ranar da na ƙera musu teburin na kai, ranka ya daɗe."

"Yau da asuba kana ina?"

"Daga masallaci sai gida."

Sufeto ya ajiye lanƙwasasshiyar ƙusar nan a kan benci kamar ya manta da ita, ya shiga zancen tsadar katako. Hammawa na amsawa, hannunsa kuwa ya tafi aikinsa. Ya ɗauki ƙusar, ya ɗora a kan ƙarfe, ƙwas, ƙwas da guduma, ya ajiye ta a gefe a miƙe sambal. Sai a lokacin ya ga Sufeto yana jera wa ƙusar 'yan'uwanta daga aljihu.

"Malam, ɓarawo ba ya tsayawa miƙe ƙusa. Kafinta ne ba ya iya ganin ta a lanƙwashe ya wuce."

Guduma ta suɓuce daga hannun Hammawa.

"Ni ne," ya ce. "Na hana yaron, bai hanu ba, ta katanga yake tsallakewa. Na roƙi Ɗanmaliki, ya ce in bari a gama da Rogo. Ranka ya daɗe, Lami da safe ta ce kanta na ciwo, kafin wata safiyar mun dawo daga maƙabarta. Wannan ciwon zai jira Asabar? Sulle kaɗai ya rage mini."

"Ina teburin?"

Ya kai shi bayan rumfa. A ƙarƙashin wata ƙatuwar tsamiya ga tebur a kafe daram, an kewaye gefe uku da zana mai tsayin mutum, sama kuwa a buɗe.

"Zana ta tare wa ƙwallo iska, yara su sha ta sama. Gefe ɗaya ya rage in gama, in aika a kira su. Na san in na nemi izini ba za a ba ni ba."

Tausayi ya kama Gwadabe, amma kaki kaki ne.

"Ka shiga ɗakin da ba naka ba, Malam. Sai ka biyo ni ofis."

Ya sa shi gaba, ba ankwa. Da suka zo wucewa, Gwaggo Tasalla mai mataccen ido ta hango su tun daga nesa, ta hau salati.

A ofis aka kira Ɗanmaliki. Sufeto ya gaya masa inda teburin yake da zanar da ake kewaye shi da ita, sannan ya zube ƙusoshin a gabansa.

"Ga ɓarawonka. In kana son kotu, za mu je, amma da waɗannan da duba-gari za mu tafi."

Ɗanmaliki ya dubi ƙusoshin, ya dubi dattijon, kunya ta rufe shi. Ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Zana nawa ta rage?"

Ranar Asabar aka yi wasan a gindin tsamiya. Sufeto ya kafa sharaɗi: duk wanda bai je an yi masa allurar rigakafi ba, ɗan Rogo ne ko ɗan Ƙaraye, ba zai riƙe farantin buga ƙwallo ba. Sau biyu ɗan tsamiya ya faɗo kan tebur, aka yi dariya aka sake bugu.

Kowa idonsa na kan ƙwallo, ban da mutum ɗaya. Gwadabe ya lura Hammawa bai ma san wa ke ci ba. Wuyan ɗansa yake kallo, yana juyawa dama, yana juyawa hagu, ba abin da ya riƙe shi.