Yashi a Hoton Yaya Ja'afaru

A wani ƙauye da ke kan hanyar Ɗanbatta, inda gonar wannan take manne da ta wancan, akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai suna Ikilima. Tana da kaifin ido, amma fa akwai ta da kunya. Idan baƙo ya yi sallama, kafin ka ce me, ta ɓuya bayan rumbu.

Yayanta Ja'afaru shi ne ɗan fari a gidansu. Kun dai san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Inna Hure ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yabonsa a gaban mutane. Sai dai ta ce, "Ina yaron nan? Ya ci abinci kuwa?"

Ja'afaru gwani ne a ƙwallo. Duk ƙauyen an sani, amma Inna ba ta taɓa ganinsa yana buga ta ba, domin matan aure ba sa zuwa fili. Ga shi ranar Alhamis zai buga wasansa na ƙarshe, ranar Litinin kuma ya tafi makarantar kwana a Bici.

Ranar Laraba da yamma, Inna tana tsince wake, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Wai da gaske yaron nan yana da gudu?"

"Inna, ai sai kin gani!" in ji Ikilima.

"A ina zan gani?" Inna ta ce a hankali, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Maganar nan ta tsaya wa Ikilima a rai. Ta ce, "Inna, ni zan kawo miki hotonsa. Na yi alkawari."

Malam Zubair, malamin ajinsu, yana da kyamara, kuma yakan koya wa ɗalibai ɗaukar hoto. Da Ikilima ta gaya masa alkawarinta, sai ya rataya mata kyamarar a wuya.

Ya ce, "Ki saurara da kyau. Kyamara da haske take aiki. Idan rana ta yi sanyi, akwai wata lamba da ake ƙarawa don hoto ya yi haske. Amma kin san rediyon Babanku idan tasha ta yi nisa? In an ƙure murya, me ake ji?"

"Shuuu kawai, Malam."

"To haka hoto yake. In kika ƙure lambar nan, sai ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Ki ƙara ta kaɗan, don mai gudu kada ya fito dishi-dishi, amma kada ta wuce wannan layin. Ki juya wa rana baya. Kuma ki taka da ƙafarki ki matsa kusa, kada ki jawo hoto daga nesa."

"To, Malam. Na ji."

Ranar wasa, sai motar 'yan wasan ƙauyen da za a kara da su ta maƙale a bayan motocin hatsi masu tafiya Dawanau. Ba a fara ba sai da la'asar ta yi sakaliya. Malam Zubair shi ne alƙalin wasa, ya shige fili da usur ɗinsa.

Ikilima ta duba gefen da ya kamata ta tsaya, wato yamma da fili, inda rana za ta kasance a bayanta. Kai! Duk maza ne a wurin, samari da dattawa, har da kakanta Baba Nababa mai unguwa. Kunya ta kama ta. Sai ta koma can nesa, gindin darbejiya, inda 'yan mata suke tsaye.

Daga nan kuwa rana tana dukan idon kyamara, 'yan wasa duk sun zama baƙaƙe, ƙanana. Ta jawo hoton. Rana ta faɗa bayan karan dawa, duhu ya ƙaru. Ta ƙara lamba har layin da Malam ya nuna. Bai ishe ta ba. Ta waiga, ba mai kallonta. Ta murza ta har ƙarshe.

Nan take ɗan gilashin bayan kyamara ya yi haske tar. Ikilima ta yi murmushi, ta ce a ranta, "Ashe Malam tsoro ne kawai yake ji."

Ana dab da tashi, Ja'afaru ya kwaso ƙwallo a guje, ya yanke mutum biyu, ya ɗirka ta a raga. Fili ya kaure da ihu. Ya juyo yana dariya, hannuwansa a sama. Ikilima ta danna.

Da aka tashi, Malam yana saurin zuwa sallar magariba. Ya zare ɗan memorin kyamara ya ba ta. "Ki sa a waya ki nuna wa Innarku. Gobe ki dawo min da shi."

Washegari da safe ta ruga gidan Kawu, wajen 'yarsa Aina'u mai babbar waya. Aka sa memori. Aina'u ta buɗa hoton da yatsu biyu don ya girma.

Wayyo! Fuskar Ja'afaru duk yashi. Ɗige-ɗige ja da kore sun rufe riga, sun rufe sama. Hawaye ya cika idon Ikilima.

"Haba, meye na kuka?" in ji Aina'u. "Akwai abin da muke goge fuska da shi ta yi sumul. Ja nan."

Ikilima ta ja. Yashi ya ragu. Ta ƙara ja, ta kai shi ƙarshe. Babu ɗigo ko ɗaya. Fuska ta yi santsi kamar sabon sabulu. Ta karɓi wayar, ta nufi gida da gudu.

Inna ta goge hannunta a zane, ta karɓa. Ta kawo wayar kusa da ido, ta kai ta nesa. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ɗan gidan waye?"

"Inna, Yaya ne!"

Inna ta girgiza kai. "A'a. Yaron nan yana da tabo a gira, tun ranar da ya faɗa kan turmi yana shekara uku. Yana da wushirya. Wannan ba shi da ko ɗaya." Ta miƙa mata wayar. "Ba komai, 'yar nan. Kin yi ƙoƙari."

Da ma Inna faɗa ta yi mata, da ya fi sauƙi. Ikilima ta ji zuciyarta ta yi zafi, domin ta ga yadda Inna ta koma wanke-wanke shiru.

A makaranta ta jira aka fita hutun ƙarfe tara, ta je ta durƙusa gaban teburin Malam.

"Malam, na yi laifi. Ban tsaya inda ka ce ba, kunya na ji. Na ƙure lamba. Da hoton ya ɓaci kuma, sai na goge don kada a gane."

Malam Zubair ya dube ta. Sannan ya ce, "Na ji daɗi da kika faɗa da bakinki. Da kin gaya min kina jin kunya, ai da na sa ki tsaya kusa da Baba Nababa, jikarsa ce ke. Hoton asali yana nan?"

"Yana nan, Malam."

"Alhamdulillahi. Zo ki gani."

Ya sa memorin a kwamfutarsa. Ya cire ɗige-ɗigen ja da kore. Sannan ya ɗora hannunta a kan abin da ake ja a rage yashi. "Ja a hankali. Ki riƙa kallon girarsa. Da zarar tabon ya fara ɓacewa, ki tsaya."

Ta ja kaɗan. Ta ƙara kaɗan. Tabon ya fara dushewa. Ta koma baya.

"Amma Malam, har yanzu da sauran yashi."

"Zai zauna. Hasken da ba ki kama a fili ba, babu injin da zai dawo miki da shi. In kika ce sai kin share yashin duka, da fuskar yayanki za ki share."

Ranar kasuwa Malam ya je Ɗanbatta ya wanko hoton a takarda. Ranar Litinin da safe Ja'afaru ya ɗauki akwatinsa, ya durƙusa ya yi wa Inna sallama. Inna tana shara, ta ce, "Allah ya tsare," ba ta ko ɗago ba.

Da gidan ya yi tsit, Ikilima ta miƙa mata hoton.

Inna ta jingine tsintsiya. Hoton yana da yashi-yashi, gaskiya. Amma ga yaro hannuwa a sama, baki buɗe, wushirya a fili. Inna ta ɗora ɗan yatsa a kan girarsa, daidai tabon.

"Shi ne," ta ce. "Ashe haka yake dariya a waje."

Ta shiga ɗaki, ta ɗaga murfin babbar kwallarta ta jere, ta ajiye shi a ciki. Tun daga ranar, Ikilima takan ji ƙarar murfin nan kullum da hantsi, ita kuwa sai ta yi kamar ba ta ji ba.

Yara, Ikilima ta koyi bin umarnin malaminta, da faɗin abin da yake damunta tun kafin aiki ya ɓaci. Ta kuma koyi cewa idan ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya a gyara, kada ka shafe shi.

Da aka zo wasan gaba, tun kafin a busa usur ta je ta gaida Baba Nababa, ta tsaya a gefensa, rana tana bayanta.