Tambayar Da Ba Ta Yi Wa Na'ura Ba

Ranar da Tela ya fara ganin Auta tana ninke zannuwan gado a shagon wanki da guga, sai ya koma da rigar da ya kawo a kafaɗarsa, ya manta abin da ya kai shi. Daga nan kayansa suka riƙa yamutsewa kullum, babu gaira babu dalili, yana ta kai su shagon.

Wata safiya ya ji muryar namiji a bayan labule: "Sannu da ƙoƙari, Gimbiya." Kishi ya turnuƙe shi, sati guda bai leƙo ba.

Sai ga saƙonta: "Mai zare, na yi maka laifi ne? Ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubuta mini. Ka zo."

Ya zo fuska a ɗaure, ta nuna masa abokin takarar tasa: wata 'yar na'ura mai magana a gefen teburin guga, haɗe da wayarta. Auta ba ta iya riƙe abu uku a ka lokaci guda, haka aka haife ta. Na'urar ke tuna mata ta kashe dutsen guga, ta sha magani, ta hau motar da ta dace. Da ita take zuwa aiki ita kaɗai, a guga kuwa babu mai kama ƙafarta.

"Da wannan kake kishi?" ta ce, tana dariya har da hawaye. Kunya ta rufe shi, sonta ya ƙaru a ransa.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta ce ta ƙi. "Ɗana, yarinyar da sai an ce mata ta kashe wuta, ina ta san aure? In ka gaji da ita fa?"

Tela ya buɗe baki, Auta ta riga shi. Ta kashe wayarta, ta ajiye a cinyar uwar.

"Mama, lokaci nake tambayar na'urar, da hanya. Wannan ban tambaye ta ba. Ni na sani. Shi nake so."

Uwar ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta share ido. "Allah ya yi muku albarka."

Washegarin biki, a sabon ɗakinsu, na'urar ta ce, "Gimbiya, lokacin magani." Tela ya riga ya miƙo mata ruwa.