Gefen Hoton da Zahari Ya Rufe

Rana ta faɗa bayan dutse lokacin da Zahari mai hoto ya gangaro zuwa shagonsa, mabuɗi a hannu. Gobe arba'in ɗin Bilyana, matar Dobrin mai injin niƙa, wadda ambaliya ta tafi da ita a gindin gada. Dole a wanke ƙananan hotunanta da za a manna a ƙofofi da jikin bishiyoyi, yadda ake yi wa kowane mamaci. Ƙamshin dafaffiyar alkama ta sadaka ya cika lungun.

Akwai kuma aiki na biyu, wanda bai faɗa wa kowa ba.

A tagar gilashin shagonsa hoton yake, hoton da ya raba garin biyu. Dobrin ne kwance a bakin gada, hannun damansa a buɗe, bakinsa a yage kamar mai dariya. Ƙasa da shi jan ruwa ne, da gashin Bilyana. Zahari ne ya ɗauka, don shi kaɗai ne a gaɓar kogi ranar. Jaridar lardi ta buga, tun daga nan kuma mutane suka daina kai wa Dobrin niƙa.

A bencin ƙofar mashaya tsofaffi biyu suna ta abin da suka saba.

"Sakin ta ya yi, ko makaho ya gani!" in ji Petko.

"Kai dai Petko, tabaranka ka sa ko na matarka?" in ji Gencho. "Miƙa hannu yake."

"Mai miƙa hannu dariya yake yi? Ga mai hoton nan ma. Zahari, zo ka raba mu!"

"Kyamara ce ta gani, ba ni ba," in ji Zahari, ya wuce abinsa.

Ƙarya yake, shegen. A jikin fim ɗin kyamarar akwai gefen hagu, inda ɗaya hannun Dobrin yake damƙe da wuyan rigarta, jijiyoyi a tashe, har yadin ya soma yagewa. Zahari ya sa kwali ya rufe wannan gefen ranar da ya wanke hoton. Gobe mai bincike zai zo daga birni ya karɓi fim ɗin. In ya tarar magani ya cinye gefen hagu, Dobrin sai gidan yari.

Masu cewa kishi kumallon mata ne ba su san Zahari ba. Tun suna makaranta yake son Bilyana, ta tsallake shi ta auri ƙaton da kullum gari ke zuba daga girarsa. Abin haushi, shi aka kira ya ɗauki hoton bikin. Yana cewa "Amarya, kallo nan," ita kuwa fuskarta na wajen angonta. Haka duk shekara in sun zo hoto. Yanzu ta mutu, amma baƙin ƙyallen makoki a ƙofar Dobrin yake, gaisuwa ma wajen Dobrin ake kaiwa. Ko kukan mutuwarta ba a bar wa Zahari ba.

Yana sa mabuɗi sai ga Gwaggo Stoyna, mai wankan gawa, da kwanon alkama a hannu.

"Ɗan nan, ka rufe gilasanka?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Yau Bilyana take zagayen ƙarshe, duk inda ƙafarta ta taɓa takawa. A gidan Dobrin mun lulluɓe madubi, mun kife tuluna. Kai kuma za ka shimfiɗa mata ruwa a faranti?"

"Gwaggo, gidan mamaci ake rufewa. Nan ba gidanta ba ne. Ita ta zaɓi haka."

Tsohuwar ta dube shi, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta wuce.

Ya shiga ɗakin wanke hoto, ya ja sakata, ya kunna jar fitila. Ya zuba magani a faranti biyu, ruwa a na uku. Warin tsami ya tashi yadda ya saba. Ya ɗauko fim ɗin ranar ambaliya ya ajiye gefe, tare da kwalbar da za ta cinye masa gefen hagu. Sai an gama na makoki tukuna.

Ya haska fuskarta a kan takarda, ya tsoma a faranti.

Yatsunsa suka ƙage. Maganin ya yi sanyi kamar ƙanƙara.

Ya girgiza farantin, ya jira. Takarda fara fat.

Warin tsamin ya ɓace. Wani wari ya maye gurbinsa, na taɓo da ruɓaɓɓen ganye, warin gindin gada.

Ɗis.

Ya waiwaya wajen famfo. A rufe yake, bakinsa a bushe.

Ɗis. Daga bayansa ne, kusa da ƙofa.

"Gwaggo?" ya raɗa.

Sai takun ƙafa mara takalmi a kan katako, a hankali, kowane taku da ƙarar jiƙaƙƙen yadi. Ya tsaya a daidai kafaɗarsa. Sanyi ya ratsa rigarsa, ya ji ruwa na bin duga-dugansa.

Bai juya ba. Ya kafe ido a kan farantin, don nan kaɗai yake iya kallo.

Takardar ta soma baƙi.

Ba fuskarta ce ta fito ba. Ruwa ne, dab da ido, kamar wanda ya ɗauka yana cikinsa har wuya. Daga sama wani ƙaton hannu ya shigo, damƙe da wuyan riga. Can nesa, gaɓar kogi.

A gaɓar akwai mutum tsaye, kyamara ta rufe masa fuska.

A gindin ƙafarsa, igiyar masunta ce a naɗe.

Ya san igiyar. Ya taka ta ranar, ya matsa gefe don ya sami haske mai kyau.

Jiƙaƙƙen gashi ya shafi kuncinsa. Numfashi mai warin kogi ya sauka a kunnensa.

"Mai hoto," in ji muryar, a hankali. "Kallo nan."

Ruwan farantin ya kumbura. Farare yatsu suka ɓullo daga ciki suka kama wuyan hannunsa, suka ja. Farantin da bai kai zurfin ɗan yatsa ba ya haɗiye hannun har gwiwa. Har kafaɗa. Haɓarsa ta taɓa ruwan. Ya ji rugugin kogi a ƙasa, ya ji muryar Dobrin can tana ihun sunan matarsa.

Ruwa ya shiga hancinsa.

Ya sa ƙafa ya banke teburin da duk ƙarfinsa. Farantai suka kife, fitila ta fashe, riƙon ya sake. Ya lalubi sakata, ya faɗo waje da rarrafe, yana aman ruwa da yashi a kan duwatsun titi. Kyandirori na ci a tagogin makwabta. Bai tsaya ba sai a ƙofar coci, nan limamin cocin ya tsince shi yana karkarwa.

Da safe mai bincike ya tarar da shagon a buɗe, fim ɗin a ƙasa ba abin da ya same shi. A tagar gilashi kuma tsohon hoton ba ya nan. Wanda ya fito a faranti daren jiya ne manne daga ciki, yana ɗigar ruwa. Ba a kama Dobrin ba. Hannun daman Zahari bai ƙara ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara, bai kuma sake ɗaga kyamara ba.

Bayan an raba alkama a maƙabarta Dobrin ya zo. Ya daɗe tsaye gaban tagar. Zahari na zaune a dokin ƙofa yana jiran duka, amma ƙaton ko hannu bai ɗaga ba.

"Ina riƙe da ita," in ji Dobrin. "Ni ke riƙe da ita, Zahari. Amma duba. Ba ni take kallo ba. Kai ta kalla har ruwa ya rufe ta."

Ya share ido da bayan hannu, ya juya ya tafi.

Zahari ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Ya san sarai abin da take nema a wajensa ranar, igiya ce. Amma duk da haka, Allah ya tsare mu, daɗi ya ji.