Kamarar Ƙarshen Shinge

Bayan magariba aka tura Halidu ƙarshen shingen kamfani, can bayan garin Arlit, domin kamarar tsaron wurin ta ɗauke. Ya durƙusa ya buɗe ɗan akwatin da ke haɗa kamarar da zaren fibir mai kai hoto ɗakin tsaro. Iska ta tsaya cak, warin tsohuwar rijiya ya taso.

"Sannu da aiki," in ji wani a bayansa. Muryar kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa.

Kafin ya amsa, Akoli mai lura da allon kamarorin tsaro ya kira shi a waya.

"Halidu, hoto ya dawo."

"Ai ban jona zaren ba tukuna."

Akoli ya ce a hankali, "Don Allah kada ka waiga. Sun fi goma."