Gwangwanin Yaya Daimon

Amarya tana kicin tana juye ruwan zafi a fulas sai ta ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a tsakar gida. Ba sai ta leƙa ba. Mutum ɗaya ce a dangin mijinta, wato yayarsa, take saka takalmi mai tsini don kawai ta zo gaida uwarta. Tun da ta shiga wani kamfanin sayar da garin ƙarin lafiya, irin wanda ka kawo mutum shi ma ya kawo mutum, ta daina tafiya kamar sauran bayin Allah. Kullum zancenta ta kusa taka matakin daimon, na manyan kamfanin. Gida kuwa ya ɗauka, aka koma kiranta Yaya Daimon, ita a tunaninta girmamawa ce.

Mijin Amarya motar makaranta yake ja, kowa Direba yake ce masa. Yana da ciwon hanji, irin wanda hanjin ke yin gyambo daga ciki. Ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a kwantar da shi da ƙwaya kullum. Bai ɓoye mata ba. Tun kafin ya furta yana sonta ya ce, "Ki sani fa, na fi sanin inda banɗaki yake a hanyar aikina a kan gidajen 'yan'uwana. In kin ga za ki iya, to." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce za ta iya. Ta kuwa iya. Tun da ta shigo gidan ita ke tuna masa magani, ita ke raka shi ganin likita, ciwon ya kwanta luf, yaron nan ya yi kumatu.

Yaya Daimon ta faɗo ɗakin ba sallamar kirki, ta dire wani koren gwangwani a kan tebur, ta ɗaga kwalin ƙwayar da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera.

"Amarya, har yanzu kina ɗura wa ƙanena kemikal?"

"Maganin asibiti ne, Yaya. Ina kwana."

"Asibiti. Tun yaushe yake sha? Ya warke? Ai likita ba ya son ka warke, kwastoma yake so. Wannan kuwa nacural ne, ganye zalla. Wata a tim ɗinmu na kamfani an ce sai an yi mata aiki, gwangwani kaɗan ta sha, yanzu har gudu take yi."

Direba yana ɗaure igiyar takalmi ya ce, "Yaya, ba shi ne kika ce wa Kawu yana maganin sanƙo ba?"

"Yana yi mana."

"To ai har yanzu kansa na ƙyalli."

"Bai sha da imani ba."

Umma, mahaifiyarsu, ta ɗaga labule. Ita tuni an yi mata rijista a ƙarƙashin 'yarta, ba ta ma san me ta shiga ba, an dai ce mata yanzu ita 'yar kasuwa ce. Ta ce, "Ka gwada mana, ko don ta ji daɗi. Cikinku ɗaya fa."

Ya gwada. Ya sha ƙwayarsa, ya bi ta da garin a kofi, mai warin ciyawar da ruwa ya doka. Lafiyarsa ƙalau, kamar yadda take tun kafin gwangwanin ya shigo gidan. Amma duk zuwan Yaya Daimon sai ta kama haɓarsa ta juya wa Umma. "Kin ga fuskarsa? Kin ga yadda ya ciko?" Kumatun da wata ta yi shekaru tana kiwo, sai ga gwangwani ya karɓe lada.

Su a kamfanin nan suna da wata ɗabi'a. Shaida ba ta cika sai mai ita ya hau dandamali ya zubar da maganin asibitinsa a gaban kyamara. Yaya Daimon kuwa shaida take nema ruwa a jallo, ta cikin gida, wadda za ta sa mutane su yi layi a ƙarƙashinta. Ta bi ta Umma, Umma ta bi ta ɗanta.

Amarya ta bi su taron kamfanin, ta zauna can baya. Ɗakin haya ne da kujerun roba, fanka ɗaya ce ke juyawa. Wani mai kwat da ta fi ƙarfin kafaɗunsa yana ta ihu a lasifika, yana nuna hotonsa jingine da motar da ko makullinta ba a ba shi ya riƙe ba. Ya ce tafi, a tafa. Ya ce ku ce ni miloniya ne, mutanen da suka zo a ƙasa su amsa. Sai aka kira Direba. Ya hau yana murmushin kunya, ya karanto abin da yayarsa ta koya masa, ya ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya cikin kwandon shara. Aka tafa kamar ya ci kofi. Amarya kaɗai ce hannunta ke kan cinya.

Da suka dawo ta rufe ƙofa. "Direbana, me ka yi ke nan?"

"Na gaji ne. Na gaji da zama mutumin da ake tambaya ka sha, ka sha. Yau mutane sun kalle ni ba a matsayin mai ciwo ba."

"Ka sha garin in kana so, ban hana ba. Amma mu je wa likita tukuna, mu ji ta bakinta."

"Ke dai kin fi son ganina da ciwo, don ki samu wanda za ki yi jinya."

Tun aurensu bai taɓa gaya mata magana mai zafin wannan ba. Ta shige kicin ta buɗe famfo don kada Umma ta ji kukanta. Umma kuwa ta ji, washegari ta ce mata, "'Yata, mace tagari ba ta shiga tsakanin yaya da ƙani. Ki bar su."

Da farko shiru. Irin ciwon nan ba ya tashi ranar da aka daina magani, yana jira ne. Yaya Daimon ta samu abin yi, ta tura bidiyon duk inda yatsanta ya kai, in ta shigo sai ta ce, "Ina likitar gidan? Ya kasuwa, ba mara lafiya?"

Sannan Amarya ta fara jin ƙarar ƙofar banɗaki tana yawaita. Ya daina cin abinci kafin ya fita aiki. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, ya zaci ba ta gani ba. Ranar da ta shiga wanke banɗakin ta ga jini, ba ta yi shawara da kowa ba, ta fito tsakar gida inda uwa da 'ya suke jera gwangwanaye.

"Yaya, jini yake zubarwa."

Yaya Daimon ta washe baki. "Alhamdulillahi. Ditoks ke nan. An koya mana a tirenin ɗin kamfani, in jiki ya fara haka to magani ya kama aiki. Dattin kemikal ɗin shekaru ne yake fita. Ki ƙara masa cokali."

"Jini ne fa, Yaya. Jinin mutum."

"Mataccen jini ne. Ke me kika sani a kan hanji?"

Wadda take wannan tambayar, in an ce ta nuna inda hanji yake a jikinta, ƙirji za ta dafa.

Amarya ta yafa mayafi ta tafi asibiti ita kaɗai. Likitar da ke duba shi ta saurare ta, ta cire tabarau ta ce a kawo shi yau, ba gobe ba. Ta dawo ta faɗa masa. Ya juya fuska bango. Bidiyon ya zaga, abokan aikinsa sun gani, har suna ce masa wanda ya kori likita. Da wace fuska zai koma? Ya ce ta ƙyale shi, matakin ditoks ɗin ne, zai wuce.

Da wata ce, da ta tattara kayanta ta tafi gidansu, kuma ba mai ganin laifinta. Ita ba ta tafi ba. Da safe ya zauna bakin gado yana saka riga da kyar, leɓensa fari fat, jikinsa zafi, yana laluben aljihu.

"Ina makullin mota?"

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga makullin. "Ga shi."

"Miƙo, na makara."

"'Ya'yan mutane za ka ɗauka a haka? To ga shi a hannuna. In ka iya tasowa ka karɓa, ka tafi, ba zan ƙara cewa komai ba."

Ya harare ta, ya dafa gado ya miƙe. Bai kai gare ta ba ƙafafunsa suka naɗe. Ta tare kansa kafin ya bugi ƙasa. Umma da ta jiyo faɗuwar ta shigo a guje, ta ga ɗanta kwance kamar tsumma, ta saki salati.

A asibiti aka ɗaura masa ruwa, aka shiga allurai. Likita ba ta yi musu faɗa ba, gaskiya kawai ta faɗa. Hanjin ya kumbura ya yi gyambo fiye da yadda ta taɓa gani a jikinsa. In allurai ba su kama ba sai an yanke shi. Kuma yana buƙatar jini. Amarya ta naɗe hannun riga. Nata bai isa ba, aka ce a nemo wani. Cikin masu tafin nan ba wanda ya leƙo.

Yaya Daimon ta iso da yamma, ƙwas-ƙwas, da jaka a kafaɗa. Ta dubi ƙanenta ta girgiza kai.

"Da ya daure ya wuce matakin nan, da yanzu ya warke. Garaje aka yi. Amma ba komai, na kawo wani sabo, na masu farfaɗowa ne, a ruwa ake..."

"Ana neman jini," in ji Umma. "Ki je a gwada naki."

"Umma, ina da tirenin yanzu, kuma ni in aka ɗebi jinina jiri nake."

Umma ta nuna mata ƙofa. Tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga wa 'yar nan murya ba ta ce a hankali, "Ɗauki gwangwaninki ki fita. Ki kuma cire sunana daga ƙarƙashinki, na gaji da zama a can."

Wani abokin aikinsa ne ya ba da jinin. Allah ya taimaka allurai suka kama, ba a kai ga wuƙa ba, amma ya sha kwanciya, ya kuma daɗe bai koma bakin aiki ba. Ranar da ya fara zama da kansa, Umma ta kama hannun Amarya a gabansa ta ce, "Ki yafe min, 'yata. Ni ce na ce ki yi shiru." Ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Direba ya yi ta murza bakin zanen gado. "Maganar da na gaya miki... ban san da wane baki zan janye ta ba."

"Wace ciki? Ka faɗi da yawa."

"Cewa kin fi son ganina da ciwo."

"Ai da gaskiyarka, jinya ta min daɗi. Dubi yadda na yi ƙiba a kan kujerar roba."

Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta matso ta share masa fuska. "Ni ba mai lafiya na aura ba, ba kuma mai ciwo ba. Kai na aura. Ka zauna min a raye kawai, shi ke nan roƙona."

Yaya Daimon har yau ba ta taka daimon ɗin ba, tana nan tana neman wanda zai kawo wani. Su kuwa suna zamansu lafiya, Umma ba ta yanke shawara a gidan sai ta ji ta bakin surukarta.

To, yara, ku ji da kyau. Ciwon da magani ya kwantar ba warkewa ya yi ba, kada daɗin jiki ya ruɗe ku. Duk abin da za ku sha, ku kai wa likitanku ya gani kafin ku ajiye nasa. Wanda zai ƙaru in kun saya ba shi ne zai gaya muku gaskiyar cikinku ba, ko da nono ɗaya kuka sha. Kuma wanda ya yarda ku yi fushi da shi don ku rayu, ku riƙe shi da hannu biyu, shi ne mai son ku.